Gauraya Jan Ƙarfe da Sauran Ƙarafa: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

A watan Mayu na 2024 farashin tan guda na jan ƙarfe ya haura dalar Amurka 11,000 a Kasuwar Ƙarafa ta Landan, wadda aka kafa a 1877, kuma wadda duniya ke dubawa kafin ta yanke wa wannan haja farashi. Duk lokacin da farashi ya yi irin wannan tashi, abu biyu kan biyo baya. Masana'antu kan nemi hanyar rage yawan jan ƙarfen da suke zubawa a kayansu, maha'inta kuma kan cika kasuwa da jabu. Dillalin wayar lantarki, da mai sayar da kan famfo da makullai, da mai sayen tarkacen ƙarafa, da ɗan kwangilar gini, babu wanda wannan lamari bai shafa ba, domin abin da aka gauraya da jan ƙarfe shi ke yanke ƙarfinsa, da launinsa, da tsawon kwanansa, da kuma darajarsa a kan sikeli.

Kalma Ɗaya, Haja Uku

Matsala ta farko tana cikin harshe. A bakin yawancin jama'a kalmar tagulla ta haɗe abubuwa uku da suka sha bamban. Akwai jan ƙarfe tsantsa, wanda ake yin wayar lantarki da shi. Akwai gamin jan ƙarfe da tutiya, mai launin rawaya, wanda takardun ciniki na Turanci ke kira biras. Akwai kuma gamin jan ƙarfe da kuza, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda suke kira buronz, wato irin wanda aka raɗa wa lambar yabo ta uku a wasanni sunansa. Domin gudun ruɗani, a wannan darasi za a kira na farko jan ƙarfe, na biyu tagullar tutiya, na uku kuma tagullar kuza. Duk wanda ya sa hannu a yarjejeniyar da aka rubuta tagulla kawai, ba tare da fayyace wace iri ba, ya bar ƙofar rigima a buɗe, saboda bambancin farashi tsakanin iri ukun yakan kai dubban daloli a kowane tan.

Halayen Jan Ƙarfe Tsantsa

Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin Salshiyos. Nauyinsa ya kusa ninka na ruwa sau 9, ya kuma ninka na alminiyom fiye da sau 3. Babban abin da ya ba shi daraja shi ne yadda wutar lantarki da zafi ke ratsa shi cikin sauƙi. Tun 1913 aka amince da wani ma'auni na ƙasa da ƙasa wanda ya ba jan ƙarfe tsantsa mai laushi maki 100 wajen ɗaukar lantarki, sa'an nan a auna sauran ƙarafa da shi. A wannan ma'auni azurfa ce kaɗai ta ɗara shi, da maki kamar 105, alminiyom kuwa yana da maki kamar 61.

Har ila yau jan ƙarfe yana da laushi, ana iya jan shi ya zama waya siririya kamar gashi, ko a daddale shi ya zama falle, kuma ba ya yin irin tsatsar da ke cinye baƙin ƙarfe. To amma wannan laushi shi ne rauninsa. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ta jan ƙarfe mai laushi takan tsinke idan aka rataya mata nauyin kilo 22 ko kusa da haka. Ga shi kuma yana da wuyar zubi, domin idan ya narke yakan sha iska ya yi ramuka a ciki, yana kuma danƙare wa bakin injin yanka. Saboda waɗannan dalilai ne ɗan Adam ya shafe shekaru fiye da 5,000 yana gauraya shi da wasu ƙarafa.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Ƙarfen

Kowane ƙarfe an gina shi ne da ƙwayoyin zarra da suka jeru sahu-sahu, hawa kan hawa. Idan aka lanƙwasa jan ƙarfe, abin da ke faruwa shi ne waɗannan sahu suna zamewa a kan juna. Tun da ƙwayoyin duk girmansu ɗaya, zamewar ba ta da wuya, shi ya sa ƙarfen yake da laushi. Idan aka narkar da tutiya ko kuza a ciki, baƙin ƙwayoyi masu girma dabam kan shiga sahun su zauna, su hana shi zamewa cikin sauƙi. Sakamakon haka sai ƙarfen ya ƙara tauri da ƙarfi. Ƙwayar kuza ta fi ta tutiya bambanta da ta jan ƙarfe a girma, don haka kuza kaɗan yakan yi aikin da sai tutiya mai yawa za ta yi.

Waɗannan baƙin ƙwayoyi kuma su ne ke tare wa lantarki hanya. Wutar lantarki a cikin jan ƙarfe tsantsa tamkar mota ce a kan miƙaƙƙiyar hanya, baƙin ƙwayoyin kuwa tamkar shingaye ne da aka kakkafa a kanta. Kowane shinge yana rage gudu, ƙarfin da aka yi asara kuma yakan koma zafi. Daga nan aka sami babbar ƙa'idar wannan fanni: duk abin da ya narke a cikin jan ƙarfe ya ƙara masa tauri, to ya rage masa ɗaukar lantarki da zafi. Abin da aka samu ta wannan gefe ana biyansa ta wancan.

Ba sai an zuba da yawa ba kafin a ga illar. Sinadarin fosfaras da bai wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba, wanda akan sa domin fitar da iska daga narkakken jan ƙarfe, yakan sauko da makinsa daga 100 zuwa kamar 85. Irin wannan jan ƙarfe ya dace da bututun na'urar sanyaya ɗaki da na firij, domin yana karɓar walda da kyau, amma ba a yin wayar lantarki da shi ko da yake a ido ba a bambanta su.

Akwai wata hanyar ƙara tauri wadda ba ta buƙatar gami, kuma maƙeran fari sun daɗe da saninta. Idan aka yi ta dukan jan ƙarfe ko tagulla da guduma, yakan yi ta tauri har ya kai ga tsagewa. Sai maƙeri ya mayar da shi wuta ya yi ja, laushinsa ya dawo. Ko an tsoma shi a ruwa bayan haka ba ya ƙara tauri, saɓanin baƙin ƙarfen da ake yin wuƙa da shi. Saboda haka mai yin odar falle ko bututu daga waje yana bukatar faɗin abu biyu a takardarsa: irin gamin da yake so, da kuma matakin taurin, ko mai laushi, ko matsakaici, ko mai tauri.

Tagullar Tutiya

Wannan ita ce ta fi kowace yawa a kasuwa. Launinta yana bin yawan tutiyar da ke ciki. Da kashi 5 cikin ɗari tana nan ja-ja, da kashi 15 takan yi kama da zinariya, abin da ya sa ake yin 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha da ita, da kashi 30 kuwa takan zama rawaya sosai.

Gamin da ya fi shahara shi ne kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Wayarsa mai kaurin murabba'in milimita 1 takan ɗauki kilo 30 da ɗoriya kafin ta tsinke, kuma abin mamaki, ya fi jan ƙarfe tsantsa jure miƙewa ba tare da ya yage ba. Da shi ake yin kwanson harsashi da sassan lagireton mota da kayan busa. Yana narkewa a ƙasa da digiri 960, wato yana cin gawayi ko gas ƙasa da jan ƙarfe. Amma makinsa na lantarki ya faɗo zuwa 28 kacal.

Idan tutiya ta wuce kamar kashi 37 cikin ɗari, tsarin ƙwayoyin yakan sauya, ƙarfen ya ƙara tauri, ya daina son aiki a sanyi, amma ya yi daɗin sarrafawa da zafi. Wani ɗan kasuwar Bamingham a Ingila, George Muntz, ya yi rajistar gamin kashi 60 da 40 a 1832, ya sayar da shi don lulluɓe gindin jiragen ruwa na katako. Ya ci kasuwa ne saboda gamin nasa ya fi jan ƙarfe tsantsa araha, tun da tutiya ba ta kai shi tsada ba.

Tagullar tutiya tana da cututtuka biyu da ya kamata mai sayar da kayan famfo ya sani. Ta farko, wasu irin ruwa kan tsotse tutiyar a hankali su bar jan ƙarfe mai rauni kamar soso, sai a ga kan famfo ya yi ja-ja, yana tsatsafo, daga baya ya karye. Wannan ya fi kama gamin da tutiyarsa ta yi yawa, kuma masana'antu kan rage shi ta hanyar ƙara ɗan sinadarin arsanik da sarrafa ƙarfen da zafi. Ta biyu, tururin amoniya yakan tsaga tagullar da aka matsa a sanyi. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna ganin kwanson harsashinsu na tsagewa da damina, sai a 1921 aka tabbatar cewa fitsarin dawakin da ke bargar da ake ajiye harsasan ne sanadi. Darasin a nan shi ne kada a ajiye kayan tagulla a sito ɗaya da takin zamani, ko kusa da turken dabbobi.

Mai zubi kuma ya lura cewa tutiya tana tafasa a digiri 907, ƙasa da inda jan ƙarfe ke narkewa. Farin hayaƙin da ke tashi daga tukunyar zubi tutiya ce ke ƙonewa. Duk lokacin da aka sake narkar da tagulla nauyinta yakan ragu, gamin ya sauya, kuma shaƙar hayaƙin yana kawo zazzaɓi.

Tagullar Kuza

Kuza yana narkewa a digiri 232 kawai, kuma shi kansa ƙarfe ne mai laushi, amma idan ya shiga jan ƙarfe sai su haifi abin da ya fi su duka biyu tauri. Da kashi 5 cikin ɗari na kuza da ɗan fosfaras ake samun gami mai tsalle kamar sifirin, wanda ake sawa a maɓallan lantarki, ko da yake makinsa bai wuce 15 ba. Da kashi 10 zuwa 12 ake samun gamin da ke jure gugar ƙarfe da ƙarfe, wanda ake yin bushin da haƙoran giya da shi. Yana kuma gudana da kyau a cikin mazubi, ya cika kowane lungu.

Idan kuza ya kai kashi 20 zuwa 22, ƙarfen yakan yi tauri ƙwarai, ya riƙe amo na tsawon lokaci idan an buga shi. Da wannan ake zuba manyan ƙararrawa. Sai dai taurin ya zo da gautsi, domin irin wannan gami ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Tagullar kuza ta fi ta tutiya jure ruwan gishiri, amma ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, tun da farashin kuza yakan ninka na jan ƙarfe kamar sau 3.

Nikel, Alminiyom da Beriliyom

Nikel yana shiga jan ƙarfe ta kowane gwargwado, kuma yana kashe masa launi. Da kashi 25 cikin ɗari ƙarfen yakan koma fari kamar azurfa. Gamin kashi 90 da 10, da na 70 da 30, su ake sawa a bututun jiragen ruwa da na masana'antun da ke tace ruwan teku, domin gishiri ba ya cin su da wuri. Makin lantarkin na 70 da 30 bai wuce 5 ba. Wannan rauni ma an mai da shi abin amfani, domin gamin kashi 55 na jan ƙarfe da 45 na nikel yana da turjiyar da ba ta cika sauyawa da zafi ko sanyi ba, don haka ake sa shi a na'urorin awo.

Akwai kuma gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda ake kira azurfar Jamus. Masu sayen kayan ado su sani cewa babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. Azurfa ta gaske mai hatimin 925 tana da kashi 92.5 na azurfa da kashi 7.5 na wani ƙarfe, galibi jan ƙarfe, wanda aka sa don ƙara mata tauri. Haka ma zinariya mai karat 18 kashi 75 ce kawai zinariya, kuma jan ƙarfen da ke cikin ragowar shi ke ba wasu sarƙoƙi launin ja-ja.

Alminiyom kashi 5 zuwa 11 yakan ba jan ƙarfe ƙarfi kusa da na baƙin ƙarfe, ya kuma yi masa wata siririyar fata da ke kare shi daga lalacewa. Farfelar manyan jiragen ruwa yawanci da irin wannan gami ake zuba ta, tare da nikel.

Beriliyom shi ne zakaran gwajin dafi. Kashi 2 cikin ɗari kacal, idan aka gasa ƙarfen yadda ya kamata, yakan sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ta ɗauki fiye da kilo 120, wato ninki 5 na jan ƙarfe mai laushi. Sifana da guduma na wannan gami ba sa tartsatsi, shi ya sa ake amfani da su a matatun mai da wuraren gas. Amma ƙurarsa guba ce ga huhu, don haka bai kamata a goge shi da dutsen injin ko a narkar da shi a maƙerar gida ba.

Dalma: Riba da Hatsari

Dalma ba ta narkewa cikin ƙwayoyin tagulla, takan tsaya ne ɗigo-ɗigo a warwatse. Waɗannan ɗigo suna sa ƙarfen ya riƙa gutsurewa ƙanana-ƙanana a bakin injin yanka, suna kuma yi masa aikin mai. Gamin da ke da kamar kashi 3 na dalma shi aka ba maki 100 a ma'aunin sauƙin yanka, jan ƙarfe tsantsa kuwa yana da maki 20. Wannan ya sa makullai da noti da kan famfo masu yawa suke ɗauke da dalma, domin injin yana fitar da su da sauri kuma bakinsa ba ya saurin dakushewa.

Hatsarin shi ne dalma takan zuba a ruwan sha. Tun watan Janairu na 2014 dokar Amurka ta taƙaita dalma a kayan famfon ruwan sha zuwa kashi 0.25 cikin ɗari. Nijeriya ta san illar wannan ƙarfe, domin a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Mai shigo da kan famfo yana da hujjar neman takardar shaidar yawan dalmar da ke cikin kayan. Mai zuba tukwane da cokula daga tarkace kuwa, wajibi ne ya ware duk abin da bai san asalinsa ba. Abinci mai tsami, irin na tsamiya da yakuwa, yana cin jan ƙarfe da tagulla, shi ya sa ake shafe cikin tukwanen jan ƙarfe da kuza.

Tsohuwar Sana'a a Wannan Yanki

Cinikin jan ƙarfe ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana ciniki da shi a matsayin kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Kayan da Thurstan Shaw ya tono a Igbo-Ukwu a 1959 da 1960, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 9, yawancinsu tagullar kuza ce mai dalma. Shahararrun kayan fadar Binin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, ana kiran su buronz, amma akasarinsu tagullar tutiya ce. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa ƙarfen da yawa daga cikinsu ya fito ne daga mundayen ciniki da aka ƙera da tagullar yankin Rain na Jamus. Maƙeran Bida har yau suna daddale tagullar tutiya suna yin faranti da butoci, aikin da ya dogara kacokan ga duka da mayarwa wuta.

Ta fuskar albarkatu, Nijeriya tana da kuza a tsaunukan Jos da Ririwai, tana kuma da dalma da tutiya a yankin Abakaliki da Zurak. Haƙar kuza ta durƙushe bayan rushewar kasuwarsa ta duniya a watan Oktoba na 1985. Jan ƙarfen kansa kuwa, Chile ce kan gaba wajen haƙo shi, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da duniya ke samarwa, a Afirka kuma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Zambiya ne manya.

Tsabar kuɗi ma shaida ce. Lokacin da aka fito da naira da kwabo a 1973, kwabo 1 na tagulla ne, kwabo 5 da 10 da 25 kuma na gamin jan ƙarfe da nikel. A 1991 aka koma baƙin ƙarfe mai rufi. Amurka ta mai da santinta tutiya mai rufin jan ƙarfe a 1982, Ingila ta koma baƙin ƙarfe mai rufi a ƙananan kuɗinta a 1992. Dalilin ɗaya ne: idan ƙarfen da ke cikin tsaba ya fi abin da aka rubuta a kanta daraja, ƙarshenta tukunyar zubi.

Lissafin Sikeli

Ana iya ƙiyasta darajar kowane gami daga farashin ƙarafan da ke cikinsa. Alal misali, a ɗauka tan na jan ƙarfe dala 9,000 ne, na tutiya dala 2,800, na kuza kuma dala 30,000. Tan guda na gamin 70 da 30 zai ƙunshi jan ƙarfe na dala 6,300 da tutiya ta dala 840, jimla dala 7,140. Na 60 da 40 zai tashi dala 5,400 da dala 1,120, jimla dala 6,520. Bambancin dala 620 ke nan a kowane tan, tsakanin kaya biyu da dukkansu rawaya ne a ido. A kwantena mai tan 20 bambancin ya kai dala 12,400. Tagullar kuza mai kashi 10 kuwa za ta tashi dala 8,100 da dala 3,000, jimla dala 11,100, wato ta fi jan ƙarfe tsantsa tsada.

Wannan lissafi ya nuna dalilin da ya sa mai sayen tarkace daga 'yan jari-bola yake asara idan ya zuba komai a buhu ɗaya. Mai narkarwa yakan biya buhun da aka cakuɗa a farashin abin da ya fi arha a cikinsa. Wanda ya ware tsabtatacciyar waya dabam, bututu mai walda dabam, rawaya dabam, bushin dabam, ya ƙara wa kansa riba da aikin hannu kawai.

Wayar Lantarki: Inda Ha'inci Ke Kisa

A wayar gida ne gami ya fi zama hatsari. Zafin da waya ke yi yana bin turjiyarta. Idan aka sa gami mai maki 28 a gurbin jan ƙarfe, turjiyar ta ninka sau 3 da rabi, zafin ma haka, matuƙar wutar da ke bi ɗaya ce. Wayar alminiyom da aka lulluɓe da jan ƙarfe tana da turjiyar da ta ɗara ta gaske da fiye da rabi, tana kuma saurin karyewa da sakewa a wurin ɗauri. Robar da ke jikin irin waɗannan wayoyi takan gasu a hankali cikin bango ko silin, har ranar da za ta kama da wuta. Shagon da aka yi wa tsimin kuɗin waya yana iya cinye layin kasuwa baki ɗaya.

Sikeli da mita suna tona asiri. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya mai murabba'in milimita 2.5 yana da nauyin kilo 2.2 idan an cire roba, na mai 1.5 kuma kilo 1.3. Turjiyar mita 100 ɗin ba ta kamata ta wuce om 0.74 ga ta farko ba, da om 1.21 ga ta biyu, a zafin digiri 20. Duk naɗin da ya gaza a nauyi ko ya zarce a turjiya, ko dai an rage masa kauri, ko an rage tsawo, ko an gauraya ƙarfen. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ita ke da alhakin sa ido a wannan fanni, amma gwajin farko yana hannun mai saye.

Matakan Kariya

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ba sa bukatar ɗakin bincike. Mayen ƙarfe ba ya kama jan ƙarfe ko tagulla ta gari, idan ya kama to baƙin ƙarfe ne aka shafe. Kankarewa da zarto yana nuna launin ciki: ja ga jan ƙarfe, rawaya ga tagullar tutiya, fari ko toka-toka ga alminiyom ko tutiya mai rufi. Kan famfon da ya yi rashin nauyi a hannu abin tuhuma ne. Silin wayar alminiyom mai rufi yakan lanƙwashe ya narke a harshen wutar da jan ƙarfe zai jure, domin alminiyom yana narkewa a digiri 660.

Ga babban ciniki, waɗannan ba su isa ba. Ido ba ya raba gamin 70 da 30 da na 63 da 37, ba ya kuma ganin dalma. A nan ana bukatar na'urar hannu ta XRF, wadda ke karanta ƙarafan da ke cikin abu a 'yan daƙiƙoƙi, ko a kai samfur ɗakin gwaji. Takardar oda ta ƙunshi lambar gamin, kamar C11000 ga jan ƙarfen lantarki, C26000 ga gamin 70 da 30, ko C36000 ga mai dalma, tare da matakin tauri, da sharaɗin cewa takardar gwajin masana'anta za ta biyo kayan. A kuma rubuta tun farko wanda zai ɗauki asara idan gwaji ya saɓa wa takarda, domin bayan an sauke kaya an biya kuɗi, jayayya kan kashi nawa ne na tutiya ba ta cika ƙarewa da daɗi ga mai saye ba.